Ambroise Pare: Wanzamin Da Ya Zama Likitan Sarakuna Huɗu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wanzami da zabirarsa. Shi ne mai aski, shi ne mai ƙaho, shi ke cire beli, shi ke kaciya. To, Turawa ma sun yi nasu wanzaman, kuma aikin kusan ɗaya ne. Shekara 500 da suka wuce, in ka shiga birnin Paris kana neman wanda zai cire maka haƙori, ko ya fasa maka maruru, ko ya tsaga jijiya a rage maka jini, shagon mai aski za a nuna maka. A irin waɗannan shaguna ne aka reni mutumin da yau ake lissafawa cikin iyayen aikin tiyata na zamani, wato Ambroise Pare. Bai taɓa zama a ajin jami'a ba, bai iya Latin ba, harshen da ake karatun likita da shi a lokacin. Duk da haka sarakunan Faransa huɗu a jere suka damƙa masa jikinsu, kuma littattafansa suka canja yadda ake kula da rauni a Turai baki ɗaya.

Yadda Turawa suka ɗauki ciwo a lokacin

An haifi Pare wajajen 1510 a wani ƙauye kusa da garin Laval, a yammacin Faransa. Kafin mu bi shi, ya kamata mu san irin duniyar da ya buɗe ido ya tarar, don in ba haka ba mai karatu ba zai gane girman abin da ya yi ba.

Likitocin Turai na wancan zamani ba su san ƙwayoyin cuta ba. Abin da suka gada daga Jalinus, likitan nan Bagirke na zamanin Rumawa, shi ne jikin mutum yana tafiya ne a kan ruwaye huɗu: jini, da majina, da ɗaci rawaya, da ɗaci baƙi. In sun daidaita, lafiya ke nan. In ɗaya ya yi yawa ko ya ruɓe, ciwo ya zo. Saboda haka magani shi ne a fitar da wanda ya yi yawa: a tsaga jijiya, a yi ƙaho, a ba da maganin amai ko na gudawa, ko a sa mutum ya yi ta zufa. Wannan ilimi ya iso musu ne da yawa ta hannun malaman Musulmi, domin littafin Alƙanun na Ibn Sina, wanda aka juya zuwa Latin, yana cikin manyan littattafan da ake karantarwa a jami'o'insu.

Ban da ruwaye huɗu, akwai taurari. Ana buga kalanda da ke nuna ranar da ta dace a zubar da jini da ranar da bai dace ba, gwargwadon inda wata yake. Annoba kuwa ana danganta ta da gurɓatacciyar iska mai wari da kuma fushin Ubangiji. Akwai wani kumburin wuya da tarin fuka ke kawowa, wanda mutane suka yi imani cewa in sarkin Faransa ya shafa shi da hannunsa zai warke, har layi ake yi a fada. Rauni kuma in ya fara fitar da farar mugunya, murna ake yi, wai jiki ne ke korar mugun ruwa.

Su kansu masu maganin hawa uku ne a Paris. A sama akwai likitocin jami'a, masu Latin da dogayen riguna. Su nasu su duba fitsari a kwalba, su taɓa bugun jijiya, su rubuta magani. Taɓa jini ƙasƙanci ne a wurinsu. A tsakiya akwai wata 'yar ƙungiyar likitocin tiyata ta Saint-Côme, su ma masu dogayen riguna, masu son a ɗauke su kamar na jami'a. A can ƙasa kuma sai wanzamai masu gajerun riguna, waɗanda su ne ke yin ainihin aikin: ɗinki, ɗori, yanka, wanke gyambo. Wanda ya karanta littafi ba ya taɓa majinyaci, wanda ke taɓa majinyaci ba ya iya karanta littafin. Haka abin yake.

Pare daga ƙasan ya fara. Ya yi yaron shago a wurin wanzami, sannan wajajen 1533 ya samu shiga babban asibitin talakawa na Paris, Hôtel-Dieu, da ke gefen cocin Notre-Dame. Asibiti ne da ake kwantar da mutum biyu, uku, har fiye a gado ɗaya. Shekara kusan uku ya yi a nan yana ɗaurin ciwo, yana kallon yadda cututtuka ke tashi da yadda suke ƙarewa, yana kuma buɗe gawarwaki don sanin yadda cikin mutum yake. Wannan ita ce jami'arsa.

Daren da mai ya ƙare

Daga asibiti sai fagen yaƙi. Sarki François na 1 yana faɗa da sarkin sarakuna Charles na 5 a kan arewacin Italiya, kuma Pare ya bi wani babban hafsa mai suna Montejan a matsayin wanzaminsa. Tun shigarsu ƙasar ya ga abin da bai taɓa mantawa ba. Ya shiga wani barga don ɗaure dokinsa, sai ya tarar da sojoji uku jingine da bango, albarushi ya ƙone su har ba a gane fuskokinsu. Wani tsohon soja ya tambaye shi ko za su rayu, ya amsa cewa babu hali. Nan take tsohon ya matsa ya yanka su ɗaya bayan ɗaya, ba da fushi ba. Da Pare ya zage shi, sai ya nuna masa cewa shi ma abin da yake roƙo a yi masa ke nan in ya shiga irin wannan hali. Irin jinyar da ake yi wa ƙaramin soja ke nan a lokacin.

Bindiga sabuwar aba ce a fagen fama, kuma rauninta ya ɗaure wa masana kai. Harsashin dalma ne babba, yana tafiya da tsumman riga da datti zuwa cikin nama, ya farfasa ƙashi, bayan kwana biyu wurin ya kumbura ya ruɓe. Jalinus bai ga bindiga ba, don haka bai bar komai a kanta ba. Wanda ake bi shi ne Giovanni da Vigo, likitan tiyatan Fafaroma, wanda ya rubuta a littafinsa na 1514 cewa albarushi dafi ne, kuma dole a ƙone dafin ta hanyar zuba tafasasshen mai a cikin raunin. Ka tuna fa babu allurar kashe zafi. Mutum na kwance da harsashi a cinya, a zo da mai yana tafarfasa a tsiyaya masa. Pare ya karanta wannan a fassarar Faransanci, ya ga manyansa na yi, shi ma ya bi sahu.

A 1537, bayan an ci wata ganuwa a kusa da Turin, masu rauni suka yi yawa har mansa ya ƙare. Ba yadda zai yi, sai ya haɗa gwaiduwar ƙwai da man wardi da tafentayin, wato man nan da ake samu daga ƙaron itace, ya shafa wa sauran ba tare da ƙuna ba. Daren nan bai runtsa ba. A ransa ya riga ya kashe su, tunda ya bar dafi a jikinsu. Asuba na yi ya fita dubawa. Abin mamaki, waɗanda ya shafa wa haɗin ƙwai sun yi barci, zafin kaɗan ne, raunin bai kumbura ba. Waɗanda suka sha tafasasshen mai kuwa ga zazzaɓi, ga kumburi, ga azaba. Daga ranar ya ƙudurta ba zai sake ƙona wanda bindiga ta harba ba.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya. Ba wai haɗin ƙwan wani maganin mu'ujiza ba ne. Babban amfaninsa shi ne bai ƙara wa rauni wani raunin ba. Kuma mai ya sha ƙare wa wanzamai kafin Pare. Bambancin shi ne tsautsayi ya ajiye masa rukuni biyu na majinyata, ciwo iri ɗaya, dare ɗaya, magani daban, sai ya kwatanta su, ya kuma yarda da abin da idonsa ya nuna masa duk da babban littafi ya faɗi akasin haka. Gani ya kori ji. Yaro ne ɗan shekara ashirin da wani abu, ba shi da ko takardar shaidar gama koyon wanzanci.

Bayan haka abin ya zame masa ɗabi'a. Wata tsohuwa 'yar ƙauye ta gaya masa cewa ɗanyar albasa da aka daka da gishiri tana hana ƙuna yin bororo. Bai raina ta ba. Ya gwada a kan wani yaron kicin da ya faɗa cikin mai, daga baya kuma da ya samu sojan da albarushi ya ƙone wa fuska, sai ya sa albasa a gefe ɗaya, maganin da aka saba a ɗaya gefen, don ya ga wanne zai fi. Gefen albasa ne ya fi kyau.

Amma kada mu mai da shi waliyyi. A wannan tafiyar dai ya shafe shekara biyu yana bin wani likitan Turin da kyaututtuka don ya ba shi sirrin wani man rauni da ya yi suna. Da sirrin ya fito, ashe jariran kwikwiyo ne ake dafawa cikin man fure tare da tana. Pare ya karɓa da murna, ya kuma daɗe yana amfani da shi. Ɗan zamaninsa ne, ba daga sama ya faɗo ba.

Littafi da harshen kasuwa

Da ubangidansa ya rasu sai ya koma Paris. A 1541 ya ci jarrabawar zama cikakken wanzami, ya yi aure, ya buɗe shago. Amma yaƙi bai bar shi ya zauna ba. A Perpignan aka harbi wani babban hafsa mai suna Brissac a kafaɗa, manyan likitoci suka yi ta lalube ba su ga harsashin ba. Pare ya sa mutumin ya tsaya daidai yadda yake lokacin da aka harbe shi, ya bi hanyar da harsashin zai bi, ya gano shi a ƙarƙashin fata ta baya. Dabara ce ta mai aikin hannu, kuma ta sa sunansa ya fara zagaya sansani.

A 1545 ya buga littafinsa na farko, kan yadda ake jinyar raunin bindiga. Da Faransanci ya rubuta shi. A yau wannan ba komai ba ne, amma a lokacin kamar ka fasa rumbun wasu ne ka raba wa jama'a. Latin shi ne katangar da ta raba masu ilimi da masu aska. Yanzu ga littafi da kowane yaron wanzami zai iya karantawa a shago ko a tanti. Daga baya ma ya ɗauko ilimin sassan jiki na Vesalius, wanda babban littafinsa ya fito da Latin a 1543, ya sauƙaƙa shi da Faransanci saboda irinsa.

Zare a madadin wuta

Abu na biyu da aka fi tuna shi da shi ya shafi yanke gaɓa. In aka yanke ƙafa ko hannu, jini na tsartuwa daga manyan jijiyoyi, kuma hanyar tsayar da shi ita ce a ɗora jan ƙarfe daga wuta, irin lalas. Naman da ya ƙone yakan yi ɓawo, in ɓawon ya faɗi bayan kwanaki sai jinin ya sake ɓallewa. A 1552, a wajen kewaye garin Damvillers, harsashin igwa ya ragargaza ƙafar wani hafsa. Pare ya yanke ƙafar, amma maimakon ƙarfe sai ya kamo bakin kowace jijiya ya ɗaure da zare. Mutumin ya warke ya koma gida da ƙafar katako. Pare ya ƙera wani hantsaki mai kama da bakin hankaka don jawo jijiyar, ya kuma bayyana hanyar a littafinsa na 1564.

Ba shi ya ƙirƙiro ɗaure jijiya ba. Jalinus ya ambace shi, haka Az-Zahrawi na Andalus. Abin da Pare ya yi shi ne ya kai shi ga yanke gaɓa a fagen yaƙi, ya kuma dage a kai. Hanyar ba ta karɓu nan da nan ba, kuma akwai dalili. Yankan cinya na buƙatar ɗauri da yawa, majinyaci na farke yana ihu, zaren kuma ba a tafasa shi, don haka yakan shigar da ruɓa. Sai da aka samu maɗaurin matse jini mai kyau a ƙarni na 18, da maganin sa barci a 1846, da hanyar kashe ƙwayoyin cuta ta Lister a 1867, sannan dabararsa ta ba da cikakken amfaninta.

Bai tsaya a yanka ba. Ya lura waɗanda aka yanke wa ƙafa suna kukan ciwo a ƙafar da babu ita, ya rubuta hakan, ya kuma ce daga ƙwaƙwalwa abin yake tasowa. Ya haɗa kai da wani maƙerin makullai a Paris suka ƙera hannun ƙarfe mai yatsu masu motsi da ƙafa mai lanƙwasa a gwiwa. Ya zana idon roba irin na lokacin, na zinariya da azurfa da aka yi wa fenti. A ɓangaren haihuwa kuma ya farfaɗo da dabarar juya jaririn da ya kwanta a gicciye a fito da shi ta ƙafa, dabarar da ta ceci mata da yawa.

Daga tanti zuwa fada

A 1552 ɗin dai Sarki Henri na 2 ya ɗauke shi cikin likitocin tiyatansa. Ƙarshen shekarar aka saci hanya aka shigar da shi birnin Metz da dare, lokacin da rundunar Charles na 5 ta kewaye shi, don ya kula da masu rauni. Shekarar da ta biyo aka kama shi a Hesdin. Ya musanya tufafinsa masu kyau da tsumman wani soja don kada a gane shi a sa masa kuɗin fansa mai yawa, ƙarshe dai ya sayi 'yancinsa da warkar da gyambon ƙafar wani babban hafsan abokan gaba. A 1554 ƙungiyar Saint-Côme ta karɓe shi duk da rashin Latin ɗinsa, saboda ba a iya barin likitan sarki a waje.

Kusanci da sarki bai sa ya iya komai ba. A 1559 Henri na 2 yana wasan sukuwa da mashi, tsinken mashin abokin karawarsa ya shige ta kwalkwalinsa ya soke shi a wajen ido. Aka tara likitoci, har Vesalius aka kirawo daga Brussels, amma sarkin ya rasu ranar 10 ga Yuli. Pare ya ci gaba da yi wa 'ya'yansa uku aiki: François na 2, da Charles na 9 wanda ya naɗa shi babban likitan tiyatansa a 1562, da Henri na 3. Zamani ne na yaƙin basasa tsakanin Katolika da Furotesta. A watan Agusta na 1572 shi ya yanke yatsan jagoran Furotesta, Coligny, bayan an harbe shi, kwana biyu kafin a kashe shi a kisan kiyashin da ya fara a Paris ranar 24 ga wata. Wani marubucin zamanin, Brantôme, ya ba da labarin cewa sarki da kansa ya ɓoye Pare a ɗakinsa a daren don kada a haɗa da shi.

Dutsen makari da kukun da ya mutu

Masu mulki na lokacin ba abin da suke tsoro kamar sammu a abinci, don haka kasuwar makarin guba ta yi tsada. Akwai wani dutse da ake samu a tumbin awakin daji, sunansa bezowa, wanda ake cewa yana karya kowace irin guba. Aka kawo wa Charles na 9 ɗaya daga Sifen, ya tambayi Pare ra'ayinsa. Pare ya amsa cewa ba zai yiwu abu ɗaya ya karya dukan guba ba, tunda kowace da yadda take aiki, kuma ana iya gwadawa.

Aka samo wani kuku da ke jiran rataya saboda ya saci tasoshin azurfa biyu a gidan ubangidansa. Aka yi masa alkawarin in ya sha guba da dutsen ya rayu, za a sake shi. Ya yarda. Aka ba shi gubar zaiba, aka bi da bezowa. Da Pare ya je duba shi a kurkuku sai ya tarar yana rarrafe kamar dabba, yana amai, jini na fita ta hanci da kunne da baki. Bayan awa bakwai ya mutu, yana cewa gara da an rataye shi. Pare ya buɗe gawar ya ga tumbin ya yi baƙi ƙirin kamar an ƙona. Sarki ya sa aka jefa dutsen a wuta.

Gwajin ya nuna gaskiya, amma dubi kuɗinsa: ran talaka a kan tasa biyu. Yardar wanda igiya ke jiransa ba yarda ba ce. Duk ɗalibin da ke ganin cike takardar neman izini kafin bincike a kan mutane ɓata lokaci ne, ya tuna da wannan kuku.

A 1582, yana da shekara sama da 70, ya sake taɓo wasu magungunan masu kuɗi guda biyu. Na farko garin gawarwakin Masar da aka busar, wanda ake ba wanda ya faɗo daga sama ko daga doki. Pare ya ce abin ba ya tsinana komai sai ciwon ciki da amai da warin baki, kuma da yawansa jabu ne da ake haɗawa da sababbin gawarwaki. Na biyu ƙahon wata dabba wai doki mai ƙaho ɗaya, wanda tsadarsa ta wuce ta zinariya. A gaskiya haƙorin wata dabbar teku ce ta can arewa mai ƙanƙara. Ana cewa ƙwaro mai dafi ba ya iya tsallake ruwan da aka jiƙa ƙahon a ciki. Pare ya zana da'ira da ruwan a kan tebur, ya sa gizo-gizo da kunama a tsakiya, suka yi ta shiga suna fita lafiya lau.

Duk da haka, wannan mutumin dai shi ne ya buga littafi a 1573 kan haihuwar 'ya'ya masu tawaya, inda ya lissafa dalilai 13, ciki har da aljanu da abin da mai ciki ta ƙura wa ido. Littafinsa na 1568 kan annoba, cutar da shi kansa ta taɓa kamawa ya tsira da tabo, ya tsaya ne a kan gurɓatacciyar iska da fushin Allah. Ruwaye huɗun Jalinus kuwa bai taɓa barin su ba har ya mutu. Inda hannunsa da idonsa suka kai, ya gyara. Inda ba su kai ba, ya bi abin da ya tarar.

Rigima da masu dogayen riguna

A 1575 ya tattara rubuce-rubucensa cikin babban kundi guda. Tsangayar likitanci ta Jami'ar Paris ta tashi tsaye, har gaban babbar kotu, tana neman a hana littafin fita. Hujjarsu ita ce wanzami ya shiga hurumin da ba nasa ba, ya yi magana a kan zazzaɓi da magungunan sha ba da izininsu ba, ya kuma rubuta al'amuran haihuwa da harshen da mata da yara za su iya karantawa. Littafin dai ya fita, aka yi ta sake buga shi, daga baya aka juya shi zuwa Latin da Jamusanci da Ingilishi da harshen Holan.

Wanda ya ja ragamar rigimar, Étienne Gourmelen, bai haƙura ba. Ya rubuta littafi yana sukar ɗaure jijiya, yana kare jan ƙarfe. A 1585 Pare ya mayar da martani, kuma yadda ya yi shi abin koyo ne. Da farko ya jero manyan da abokin hamayyarsa ke taƙama da su, su Jalinus da Ibn Sina, ya nuna su ma sun yi maganar ɗaure jijiya. Ashe wanzamin ya karanta su a fassara, ya kuma fi mai Latin ɗin riƙe su. Sannan ya kawo labarin majinyatan da ya yi wa aikin, da shaidun da suka gani. Daga nan ya bi tafiye-tafiyensa na yaƙi ɗaya bayan ɗaya, yana tsokanar malamin da cewa shi bai taɓa barin kujerar ɗakin karatunsa ba. A cikin wannan martani ne aka samu yawancin labaran da muka kawo a sama. Kuma sau da yawa in ya gama labarin wanda ya warke, yakan mayar da warkarwar ga Allah, ya bar wa kansa ɗaurin ciwon kawai.

Ƙarshensa ma a kan titi aka gan shi. A 1590 Henri na Navarre ya kewaye Paris, yunwa ta yi ta kashe talakawa. Pare, tsoho ɗan shekara 80, ya tare babban limamin cocin Lyon, ɗaya daga jagororin da suka ƙi sulhu, a bainar jama'a, ya roƙe shi ya dubi masu mutuwa ya nemi zaman lafiya. Ranar 20 ga Disamba na shekarar ya rasu a gidansa, aka binne shi a cocin Saint-André-des-Arts.

'Yan'uwa ɗalibai, mu da ke karatu a kwalejin kimiyya da fasaha mun san zafin a auna mutum da sunan takardarsa kafin a dubi aikinsa, don haka labarin Pare zai yi mana daɗi. Amma kada daɗin ya sa mu ɗauki rabinsa mu bar rabi. Wanzamai dubu nawa ne suka yi zamani da shi, suka iya aska, suka mutu ba wanda ya san su? Shi ya karanta duk abin da ya samu da harshen da yake ji, ya kwatanta sakamako da sakamako, ya kuma zauna ya rubuta abin da ya gani dalla-dalla yadda na bayansa zai iya maimaitawa. In an koma wokshop ko ɗakin gwaji, sakamako ya fito saɓanin abin da ke cikin handawut, kada a yi saurin gogewa a kwafi na maƙwabci. A sake gwadawa tukuna, a kuma rubuta abin da ya fito.